Kawuna ne ya karɓa mini auren: me zan kai wa hukumar shige da fice ta Amurka ta yarda matata ce?

"Assalamu alaikum. Ni mutumin Kano ne, shekarata 12 a Bronx da ke New York, kuma na riga na zama ɗan ƙasa. Bara aka ɗaura mini aure a gida da 'yar aminin mahaifina. Ranar ɗaurin auren ba na nan, kawuna ne ya karɓa mini. Sai bayan wata 3 na samu hutu na je aka yi biki ta tare, na yi sati 5 na dawo. Na taɓa yin aure a gida mun rabu da daɗewa. Yanzu ina so in cike mata takardu ta zo, amma ba mu da asusun banki ɗaya, ba mu da takardar haya tare, kuma Allah bai kawo haihuwa ba tukuna. Abokai sun ce in koma mu yi auren rajista a Ikoyi, mu ɗauki hotuna irin na Turawa, wai shi suke yarda da shi. Me zan kai musu su yarda aurenmu na gaskiya ne?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari.

Tambayarka guda biyu ce aka dunƙule wuri ɗaya. Ta farko, shin abin da aka yi a masallaci ranar da ba ka nan, dokarsu ta ɗauke shi aure? Ta biyu, in ta ɗauka, auren zama ne ko na neman takarda? Na daɗe ina aikin haɗa irin waɗannan takardu a wani ofishin lauyoyin shige da fice, kuma abin da na gani shi ne mutanenmu suna zuba duk ƙarfinsu a kan ta biyu, su tara hotuna kamar za a buɗe shago, sai ta farkon ta kayar da su.

Hanyar kanta sananniya ce. Za ka cike fom I-130, wato takardar nema wa matarka izinin zama, mai ɗakinka kuma a cike mata I-130A, a miƙa wa hukumar shige da fice ta Amurka, wato USCIS. In sun amince, fayil ya wuce cibiyar biza ta NVC, a can za ka miƙa I-864, wato alƙawarin ɗaukar nauyinta, wanda ke buƙatar abin da kake samu ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya. Daga nan sai intabiyu a ƙaramin ofishin jakadancinsu da ke Legas, don a can ake duba bizar zama ta 'yan Najeriya. Tsananin binciken da kake jin labari ya samo asali ne daga dokar hana auren bogi ta 1986. Wanda aka kama ya yi aure don takarda yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai dala 250,000, kuma sashe na 204(c) na dokar shige da fice ya hana a sake amincewa da wata takardar neman zama da wani zai cike wa wanda aka yi auren bogin dominsa, ko da daga baya ya yi aure na haƙiƙa.

Amma ka kwantar da hankalinka a kan abu ɗaya. Ma'aunin da suke aiki da shi, kamar yadda ya zo a hukuncin da ake kira Laureano na 1983, shi ne: a lokacin da aka ɗaura auren, shin mutanen nan biyu sun yi niyyar kafa gida su zauna tare? Babu inda aka ce sai kun yi shekaru kuna zance, babu inda aka ce haɗin iyaye ba aure ba ne. Kuma ba a ce ka kawar da kowane irin kokwanto ba, abin da ake nema shi ne hujjarka ta rinjayi shakka. Sai dai nauyin kawo hujjar a wuyanka yake.

Auren da aka karɓa maka

Ƙa'idarsu ta asali ita ce, auren da ya inganta a inda aka ɗaura shi, ya inganta a wurinsu. Auren Musulunci da aka ɗaura a Kano da waliyyi da sadaki da shaidu aure ne a dokar Najeriya, saboda haka ba ya buƙatar wani ƙari kafin ya zama aure. Amma akwai wani sashe a dokar shige da fice ta Amurka, 101(a)(35), da ya shafe mu kai tsaye. Cewa ya yi idan ma'auratan ba su kasance a gaban juna ba lokacin ɗaura auren, ba za a kira su mata da miji ba sai in sun tare bayan nan, sun yi zaman aure. To ka duba yadda muke ɗaura aure. Maza ne ke taruwa a masallaci ko ƙofar gida, wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a faɗi sadaki, a shafa fatiha, a raba goro da alawa. Amarya tana cikin gida cikin ƙawayenta. Ko da kana gari ma ba a gabanta aka ɗaura ba, balle kai da kake bayan teku.

Saboda haka satin nan 5 da ka yi a gida shi ne ginshiƙin fayil ɗinka gaba ɗaya. Ka nemo tikitin jirgi, da katin shiga jirgi in ka ajiye, da shafin fasfonka mai tambarin shiga da fita na filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Abuja, da hotunan kai amarya da buɗar kai da walima inda kuka fito tare, da shaidar gidan da ta tare a ciki. Ka rubuta bayani da bakinka, ita ma ta rubuta nata, cewa daga rana kaza zuwa rana kaza kun zauna a gida kaza a unguwa kaza a matsayin mata da miji. Kada ka ɓoye cewa kawunka ne ya karɓa maka. Ka faɗe shi tun a shafin farko, ka yi bayanin al'adar cikin layi biyar ko shida. Jami'in zai duba ranar da ke kan takardar aure, ya duba fasfonka, ya ga a ranar kana New York. In shi ya gano da kansa, ya zama abin zargi. In kai ka riga shi faɗa, ya zama bayani.

Na taɓa ganin wanda ya yi gaggawa, an ɗaura aure ranar Juma'a a gida, kafin wata ya ƙare ya tura fom, shi kuwa bai taka ƙasa ba tun kafin auren. Suna da hotuna tun na lokacin baiko, suna da hirar shekara biyu, babu mai shakkar soyayyarsu. Aka ƙi, domin zaman da ake ƙirgawa na bayan ɗaurin aure ne. Sai da ya je ta tare, ya dawo ya sake sabon fom, ya sake biyan kuɗi. Kai Allah ya rufa maka asiri, ka riga ka je.

Abu na biyu da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne kalmar nan da ka wuce da sauri, cewa kun rabu da daɗewa. Da wace takarda? Amurka ba ta yarda da auren mace fiye da ɗaya. In akwai igiyar wata a kanka ranar da aka ɗaura wannan, to na biyun ba aure ba ne a wurinsu, ko da ka saki ta farkon daga baya. A irin wannan hali sai an sake ɗaura auren bayan rabuwar ta tabbata. Mu kuwa sau da yawa sakinmu a baki yake, ko a 'yar takarda mai layi uku da aka ba mace ta kai wa iyayenta, ita ma wa ya san inda take yanzu. Abin yi shi ne a je kotun shari'ar Musulunci ta yankin a samo takardar tabbatar da saki mai ɗauke da ainihin ranar da aka yi shi, tare da rantsuwar waɗanda suka shaida. Ranar ta kasance kafin sabon auren a fili, idda ta riga ta cika. In kuma auren farkon na rajista ne, babbar kotu ce kaɗai ke raba shi a dokar Najeriya ta 1970, in a Amurka aka yi shi kuwa shi ma sai da hukuncin kotu. Haka ita ma amaryar, in bazawara ce, ana son takardar sakinta ko shaidar rasuwar mijin.

Ka kuma tuna abin da ka rubuta a fom ɗin da ka cike lokacin neman katin zama da lokacin zama ɗan ƙasa. Ka ambaci wancan auren? Ka ambaci 'ya'ya in akwai? Duk suna cikin fayil ɗinka, kuma za a buɗe shi. In a da ka ce ba ka taɓa aure ba, yanzu kuma ga takardar saki, kada ka tura komai sai ka zauna da lauya, don nan maganar ta wuce ta matarka, ta taɓa takardunka kai kanka.

Batun Ikoyi, shawarata kada ka je. Ba ya ƙara wa aurenka inganci, kuma yana haifar da ranakun aure biyu, sai a rasa wadda za a rubuta. Na ga inda miji ya rubuta ranar rajista a fom, matar kuma da aka tambaye ta a Legas ta faɗi ranar masallaci, don ita wannan ta sani, kuma ita ce gaskiya. Daga nan aka shiga wata da watanni ana bayani. Takardar shaidar aure daga masallacin da aka ɗaura ko daga kotun shari'a ita za ka nema, mai sunan waliyyi da wakili da shaidu da adadin sadaki. In da Larabci ko Hausa aka rubuta ta, dole a haɗa da cikakkiyar fassara ta Ingilishi, mai fassarar ya sa hannu cewa ya iya harsunan biyu kuma fassarar daidai ce.

Ga masu karatu da nasu auren na zumunci ne, akwai ƙarin abin lura. Dokar auren 'ya'yan wa da ƙani ta bambanta daga jiha zuwa jiha. New York ta halatta, Texas ta haramta, kuma ana duba jihar da za ku zauna. Wanda abin ya shafa ya tambayi lauyan jiharsa tun kafin ya cike fom.

Sawun da aurenmu ke bari

Jerin hujjojin da ke cikin umarnin I-130, wato mallakar gida tare, takardar haya mai sunaye biyu, haɗa kuɗi a asusu ɗaya, takardar haihuwar yara, da rantsuwar mutanen da suka san auren, an tsara shi ne da tunanin ma'auratan da ke ƙarƙashin rufi ɗaya a Amurka. Jami'an sun san wanda matarsa ke Kano ba zai samu yawancinsu ba. Shi ya sa jerin ya ƙare da cewa a kawo duk wata takarda da ke nuna auren yana raye. Ta wannan ƙofar za ka shiga.

Aurenmu yana barin sawu mai yawa, sai dai ba mu saba ɗaukarsa a matsayin hujja ba. Daga gaisuwar iyaye, zuwa sa rana, zuwa lefe, zuwa kamu, zuwa gara, kowane mataki da mutanensa da kuɗinsa da hotunansa. Katin gayyata mai sunan iyalai biyu, rasit ɗin akwatunan lefe da atamfofi, kuɗin da ka tura aka yi fentin gidan da za ta tare, hoton ɗakinta bayan an yi jere. Hoton da mahaifiyarka ke riƙe da hannun amarya, ko wanda dattawan gidajen biyu ke zaune a kan tabarma ɗaya, ya fi mini hoton rungume-rungume a sutudiyo sau goma. Mai auren bogi yana iya hayar mai hoto da kwat, amma da wuya ya tara dangi ɗari biyu. Zaɓi hotuna kamar 20 zuwa 30 daga lokuta daban-daban, ka rubuta a ƙarƙashin kowanne rana da wuri da su wane ne a ciki. Hoton da bai yi kama da ku ba kuwa, ita kanta in aka nuna mata shi a intabiyu sai ta sunkuyar da kai.

Kuɗi shi ne inda mutanenmu suka fi yin asarar hujja. Mutum yana ciyar da matarsa duk wata, amma ta hannun ɗan canji: ya ba wani dala a Bronx, a ba ƙaninsa naira a Wapa, ƙanin ya kai wa Hajiya, Hajiya ta ba amarya. Haƙƙi ya isa, amma babu ko layi ɗaya da ke ɗauke da sunanka da nata. Daga wannan watan ka riƙa turawa kai tsaye cikin asusun da ke da sunanta, ta hanyar da ke ba da rasit, ko da kaɗan ne, amma a kai a kai. Na baya da ya wuce, kada ka ƙirƙiro masa rasit. Ka yi bayanin yadda aka yi, ƙaninka ya yi rantsuwa a kai, a haɗa da bayanan bankinsa in suna nan.

A ɓangarenka na Amurka ma akwai abin da za ka iya yi tana can. Sa sunanta a matsayin magajiya a inshorar rai da asusun fansho na wurin aiki, ka sanar da wurin aikin cewa ka yi aure. Sannan ka duba takardar harajinka ta bana. Da yawa suna ci gaba da cike ta a matsayin marasa aure saboda matar ba ta iso ba, alhali wanda yake da aure a ranar 31 ga Disamba mai aure ne a wurin hukumar haraji. Wannan takardar kuwa kai da kanka za ka miƙa ta tare da I-864. In ka yi wannan kuskuren, ana gyara shi, ka gyara kafin su gani.

Hirarku ta WhatsApp tana da amfani, amma kada ka buga shafi 400. Na san yawancinta saƙon murya ne da kiran bidiyo, to ka ɗauki hoton jerin kiran da ke nuna ranaku da tsawon lokaci, ka tsamo shafi biyu ko uku daga kowane wata, a fassara. Irin hirar da ta fi gamsarwa ita ce ta yau da kullum: gas ya ƙare, Baba ya kwana da zazzaɓi, tela bai gama ɗinkin sallah ba, yaushe za ka samu hutu. Ba a iya ƙirƙirar irin wannan har tsawon shekara. In kana da hali kuma ka sake zuwa gida kafin intabiyu, tafiya ta biyu tana da nauyi ƙwarai.

Masu rantsuwa, ka zaɓi waɗanda suka gani da idonsu: kawunka da ya karɓa, waliyyinta, limamin, wata gwaggo da ta raka amarya. Kowa ya sa cikakken sunansa da adireshinsa da rana da wurin haihuwarsa da alaƙarsa da ku, sannan ya faɗi abin da ya sani da kalmominsa. Kada a kai wa mai kwamfuta a bakin kotu ya buga guda ɗaya ya riƙa canja suna. Takardu huɗu masu jimla iri ɗaya har da kuskuren rubutu iri ɗaya, ɓata fayil suke yi. Ka kuma daidaita sunaye. In fasfo ya ce Aisha, takardar aure ta ce A'ishatu, ta haihuwa daga hukumar ƙidaya ta ce Aishat da wata ranar haihuwa daban, a warware wannan tun yanzu.

Ranar Legas

Ita kaɗai za ta tsaya a gaban gilashin, kuma a nan tarbiyyarmu kan zame mata cikas. An raine ta a kan cewa mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kallon babba cikin ido, ba ta tambayar miji nawa yake samu. Jami'i ya ce mene ne sunan mijinki, ta yi murmushi ta dubi ƙasa. Mu mun san kunya ce. Shi yana iya ɗauka ba ta sani ba. Ka zauna da ita a waya ka ce mata kai ka ba ta izini, ranar nan ta faɗi sunanka cikakke da murya a sarari. Ta san ranar haihuwarka, da aikin da kake yi, da unguwar da kake, da waɗanda kuke gida ɗaya da su, da sunan matarka ta farko da lokacin da kuka rabu. Wannan na ƙarshen shi maza suka fi ɓoyewa, kuma ana tambayarsa. Ba haddar amsoshi nake nufi ba, matarka ce, haƙƙinta ne ta san rayuwar da za ta shiga. Abin da ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba, tambayar da ba ta gane ba ta ce a maimaita. Cankar amsa ita ke jawo saɓani, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. In ta taɓa neman bizar ziyara a baya, a binciko abin da aka rubuta mata a wancan fom ɗin, musamman in wani ejan ne ya cike ya ce tana da aure don a ba ta.

In aka miƙo mata takarda mai lamba 221(g), kada ku ɗauka an gama. Sau da yawa ƙarin takarda ake nema ko ƙarin bincike. Haka in USCIS ta aiko maka wasiƙar neman ƙarin hujja, ka duba ranar da aka iyakance ka amsa kafin ta wuce, kuma ka amsa abin da aka tambaya daki-daki.

Binciken ba ya ƙarewa da saukarta daga jirgi. In ranar da ta shigo auren bai cika shekara 2 ba, katin wucin gadi na shekara 2 za a ba ta, kuma cikin kwana 90 na ƙarshensa za ku cike fom I-751 tare, wato na neman a mayar da katin na dindindin. A wannan karon babu uzurin nisa, za a so ganin haya da asusu da inshorar lafiya da haraji duk da sunayenku biyu. In har yanzu kana gidan haɗaka da abokai, haya da sunan wani, ka fara neman wurinku tun kafin ta iso.

Abin da na faɗa na dogara ne da wasiƙarka kawai, ban ga takardunka ba, kuma kalma ɗaya a tsohon fom tana iya canja shawarar gaba ɗaya. Ka kuma sani amincewa da aurenku daban, buɗewar ƙofar biza daban. A ƙarshen Janairun 2020 gwamnatinsu ta taƙaita ba 'yan Najeriya bizar zama, aka ɗage a Janairun 2021, kuma irin wannan umarni yana zuwa da sauyin gwamnati, don haka ka duba sanarwar ofishin jakadancin ta wannan lokaci. Wanda za ka kai wa fayil ɗin ya kasance lauya mai lasisi ko wakilin da ma'aikatar shari'arsu ta amince da shi, ba mai shagon cike fom ba. Ranar da za ka je wurinsa, ka riƙe abu uku a hannu: takardar ɗaurin auren, da takardar sakin, da fasfon da ka yi tafiyar bara da shi.